Hamida da Allurar da Ba Ta Yi Ba

Hamida 'yar Malam Abdussamad tela ce, wanda ke ɗinki a wata 'yar rumfa cikin kasuwar Gummi, kusa da masu tukwane. Unguwarmu ɗaya da ita, tare muka tashi, kuma tare muka yi karatun aikin jinya a Sakkwato, a ɗakin kwanan ɗalibai ita a gadon ƙasa ni a na sama. Sunana Rukayya. Abin da zan ba da labari a nan, wani da idona na gani, wani kuwa ita ta faɗa mini kaɗan-kaɗan cikin shekaru, don ba mai yawan magana ba ce.

Tun muna yara an san ta da tsoron yin kuskure. In Inna Rakiya, mahaifiyarta, ta aike ta sayen daddawa, sai ta dawo daga ƙofar gida ta sake tambaya ko ta kalwa ake nufi. A makaranta ma haka take. Mu muna rubuta abin da zai fito a jarrabawa, ita tana rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami. Shekararmu ta farko ta zo daidai da annobar sankarau, kuma bayanta aka yi ta maganganu a gari cewa a wani wuri an ba yara magani ba tare da iyayensu sun fahimci abin da ake ba su ba. Wata malamarmu, Sista Zaliha, ta ɗauki darasi guda a kan wannan. Ta ce mana jikin mutum nasa ne, jikin yaro kuma amana ce a hannun iyayensa, kada mu kuskura mu soka wa kowa allura sai da yardar mai shi. Mu mun ji mun wuce. Hamida ta ɗaga hannu ta ce, "Sista, in yaro ne, yardar wa za a nema, ta uwa ko ta uba?" Sista Zaliha ta ce ta wanda ya kawo shi. Hamida ta ce, "In wanda bai kawo shi ba ya zo daga baya ya ce bai yarda ba fa?" Aka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa, malama ta tattara littattafanta ta fita.

Mun gama a 1999. Ni aka tura ni Gusau, ita aka tura ta wani ɗakin shan magani a wani ƙauye cikin ƙasar Bukkuyum. Ɗaki biyu ne da baranda, sai firiji mai aiki da kananzir wanda ya fi kwana a mace. Shugaban wurin wani dattijo ne, Malam Bature, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana ba da magani a ƙauyuka. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya sama mata ɗaki a gidan ungozomar garin, shi ya koya mata yadda ake tafasa sirinji da allurai a kan risho, da yadda ake jera kwalaben rigakafi cikin akwatin sanyi don kada ƙanƙara ta taɓa su.

Ranar kasuwa ake rigakafi, don ranar ce mata ke samun fitowa. A makonta na farko, kafin matan su taru, ta tambaye shi ina takardar da iyaye ke sa hannu.

Ya ce, "Wace takarda?"

"Ta yarda, Malam. Wadda za ta nuna sun amince."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ɗiyata, in mace ta goyo ɗanta tun daga gida, taz zamna bisa bencin ga, tar riƙe maki ƙahwa tai, wace yarda kika nema kuma?"

"To in wani abu ya faru, laifin wa?"

"Ba abin da ka hwaruwa."

"In ya faru fa?"

Ya ce, "Wanda yar riƙe allura."

Ta gaya mini cewa daga ranar, duk yaron da ta yi wa allura sai ta bi shi da ido har uwarsa ta ɓace a kwanar masallaci. Ta riƙa tambayar kowace mace ko mai gida ya san ta zo. Wasu su ce ya sani, wasu su yi dariya su rufe baki da gyale. Haka ta yi shekara biyu ba abin da ya faru, sai zazzaɓin kwana ɗaya da kukan da kowa ya saba da shi. Matan garin suka so ta. Suna cewa hannunta ba zafi.

A damina ta 2001 wata mata mai suna Hure ta kawo 'yarta Hafsa, jaririya 'yar wata huɗu, don allurar cinya ta biyu. Mijinta Naziru yana Kurmi, can kudu, wajen neman abinci, tun bayan sunan yarinyar bai zo ba. Hamida ta yi mata tambayar da ta saba. Hure ta ce, "Ai da zai tahi ya ce in kula da ita. Ta hwarko ma ke kika yi mata." Hamida ta duba kati, ta ga haka ne, ta yi allurar.

Bayan kwana uku cinyar yarinya ta kumbura, ta yi ja, jikinta ya ɗauki zafi. Hure ba ta dawo da ita ba, domin surukarta ta ce abin na wanzami ne. Wanzami ya tsaga wurin, ya matse, ya shafa magani. Sai da aka yi kwana tara, wurin ya fara wari, sannan aka kawo ta. Hamida ta wanke, ta ɗaure, ta roƙi Malam Bature ya rubuta musu takardar zuwa babban asibiti. Yarinya ta rayu. Amma da lokacin rarrafe ya zo, aka ga tana jan ƙafar hagu, ba ta iya tanƙwara ta.

Har yau ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya lalata ƙafar nan. Ko allurar ce ba ta tafasu sosai ba, ko askar wanzami ce, ko kuwa shan inna ce ta same ta a daidai lokacin. Hamida ta juya abin a ranta ta kowace fuska. Ta tuna cewa ranar kananzir ya yi ƙasa a risho, ruwan ya tafasa amma ba ta tabbatar ya kai minti ashirin ba. Wannan ba ta faɗa wa kowa ba sai ni, bayan shekaru.

Naziru ya dawo bayan girbi, ya ga 'yarsa, ya wuce kai tsaye wurin mai gari. Aka kira Hamida da Malam Bature zaure. Dattawa sun cika tabarmi, Hure kuma tana tsugune a bakin ƙofa ta waje, da yarinyar a bayanta. Naziru bai yi zagi ba. Cewa ya yi ya bar ɗiyarsa da ƙafa biyu, ya dawo ya iske ɗaya, kuma shi ba wanda ya nemi izininsa.

Mai gari ya ce, "Malama, wa yab ba ki izini?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, uwarta ta kawo ta. Na tambaye ta, ta ce mai gida ya bar mata kula da ita."

Aka juya wajen Hure. Mijinta yana kallonta, surukinta yana kallonta. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Awon nauyi kawai nik kai ta. Ban ce a yi allura ba."

Hamida ta dubi Malam Bature. Ya ce shi a lokacin yana ɗayan ɗakin yana ɗaure wa wani ciwo, bai ji abin da suka faɗa wa juna ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta yi mata amfani ba.

Maganar ta kai sama, aka turo mutum uku su bincika. Suka zauna a barandar ɗakin shan magani, suka sha ruwa, suka duba kwalabe. Suka ce maganin lafiyarsa ƙalau, don an yi wa yara da yawa da shi a wasu garuruwa ba abin da ya same su. Saura hannun da ya yi. Babbansu ya tambaye ta ina shaidar cewa uwar ta yarda.

Ta ce, "Yallaɓai, ba a ba mu takardar da ake sa hannu ba."

"Kin nema?"

"Na nema tun makon da na zo."

"A rubuce?"

Da baki kawai ta nema.

Mahaifinta ya rufe rumfarsa ya hau mota daga Gummi, ya zo da wani amininsa limami, suka durƙusa gaban Naziru da dangi suka ba da haƙuri. Naziru ya ce ya bar wa Allah, amma kada ya sake ganinta a garin. Bayan wata guda takarda ta zo, an rubuta cewa ta yi sakaci, an gargaɗe ta, kuma in aka sake samun irin haka za a karɓe takardar aikinta. An kuma canja mata wuri.

Da safen da za ta tafi, tana ɗaure katifa a bayan gidan ungozoma, sai ga Hure da tulu a ka, kamar rijiya za ta. Ta tsaya ba ta sauke tulun ba. Ta ce, "Malama, ki yahe mani. Da nac ce na yarda, ba ni kwana gidan ranar." Hamida ta ce ta yafe. Ta ce mini abin da ya fi damunta shi ne ba ta iya jin haushin matar ba, don ta san ko ita ce a bakin ƙofar nan abin da za ta faɗa ke nan.

Sabon wurin nata wani ƙauye ne a ƙasar Anka, can wajen hanyar Sunke. A nan ita kaɗai ce ma'aikaciya, sai wata dattijuwa mai shara. Kafin ta kama aiki ta tsaya a Anka ta sayi babban littafi mai bango mai kauri, da tawadar dangwale. A kowane shafi ta ja layi, ta rubuta sunan yaro, sunan allura, ranar da aka yi, da wurin sa yatsa. Ta kafa wa kanta doka: ba ta taɓa yaro sai ubansa ya zo da ƙafarsa ya dangwala, ko wan uban, ko ƙanensa. Yatsan mace bai isa ba. Ta riga ta ga inda maganar mace ke tsayawa.

Na kai mata ziyara a wannan lokacin, ta nuna mini littafin. Na ce mata, "Hamida, wane namiji zai bar gona ya zo layin mata don a shafa masa tawada?"

Ta ce, "Mai son ɗansa zai zo."

Kaɗan ne suka zo. Mutanen ƙauye suna tsoron dangwale, don a saninsu ba a sa yatsa sai a kotu ko wurin zaɓe. Wani ya tambaye ta ko sayar da yaron zai yi da ake neman yatsansa. Benci da ke cika a ranar rigakafi ya koma mace biyar, mace shida. Ta rubuta wasiƙa zuwa ga manyanta tana roƙon a fito da takarda ta hukuma, a kuma fayyace wanda yardarsa ta isa. Ta rubuta sau uku. Ba a ba ta amsa ba, ba a kuma hana ta abin da take yi ba.

Sai ga shekarar 2003, lokacin da magana ta cika ƙasa cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. A masallaci ana yi, a rediyo ana yi, a wurin suna ana yi. Aka dakatar da ɗigon na wani lokaci. Masu bi gida-gida da akwati suka sha jifa a wasu garuruwa. Allurar ƙyanda da sauran na asibiti ba a hana su ba, amma mutane ba su rarrabe. Duk wannan ya ƙara tabbatar wa Hamida cewa littafinta ne kaɗai ke tsakaninta da halaka. Ta ƙara riƙe shi.

Cikin watan Fabrairu na 2004, ranar rigakafi da hantsi, wata tsohuwar Bafulatana ta shigo da yaro a goye. Sunanta Dija, ana ce mata Goggo Dija. Tun asuba ta taso daga rugarsu a ƙafa. Yaron jikanta ne, Sufyanu, ɗan wata goma. Shi ne ɗan fari, uwarsa tana kunyarsa yadda al'adarsu take, don haka kakar ce ke riƙonsa tun da aka fara ba shi kunu. Ta ce ta ji baƙon dauro, wato ƙyanda, ya shiga garuruwan gabas, kuma ita ta san abin da yake yi, don ya taɓa ɗauke mata 'ya'ya biyu a mako ɗaya. Ta ji an ce akwai allurarsa a nan.

A lokacin Hamida ta riga ta fasa kwalbar allurar ƙyanda, ta yi wa yara uku da ubanninsu suka zo. Kwalbar ta mutum goma ce, kuma in an fasa ta ba ta kwana, abin da ya rage zubarwa ake yi kafin la'asar.

Ta ce, "Sannu da hanya, Goggo. Ina ubansa?"

"Labbo? Ya yi kudu da shanu. Sai ruwa ya sauka shi ka dawowa."

"Ba shi da wa ko ƙane a kusa?"

"Duk tare sunka tahi. Mu mata anka bari, da tsohon da ba ya gani."

Hamida ta yi mata bayanin littafin. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙo hannayenta biyu a kan tebur, ta baje yatsu. Ta ce, "Ɗiyata, ni na haihi uban nan nashi. Ga su nan, shafa ma goma ɗin duka."

Hamida ta ce mini ta kai hannu kan akwatin sanyi. Ta ce ta buɗe murfin ma. Yaron yana wasa da 'yan kunnen kakarsa, yana da haƙora biyu a ƙasa. Sai ta tuna da zauren mai gari, ta ga wani mutum da ba ta sani ba ya dawo daga kudu da sanda a kafaɗa yana tambaya wa ya ba ta izini, ta ga tsohuwar nan a tsugune a bakin ƙofa. Ga gargaɗi a rubuce a cikin fayil ɗinta. Ga garuruwan da ake jifan masu akwati. Ta mayar da murfin.

Ta ce, "Goggo, ki samo mini ko Arɗonku ne. In ya zo ya sa yatsa, ko wace rana ce zan yi masa."

Tsohuwa ta ce, "Arɗo ya ce kowa yak kai ɗa wurin allura, ba ruwanshi da shi. A ɓoye niz zaka."

"To ki yi haƙuri, Goggo."

Tsohuwa ba ta yi gardama ba. Ta roƙi ruwa, ta ba yaron, ta sha saura, ta gyara goyo, ta yi sallama. Da la'asar Hamida ta ɗauki kwalbar da sauran allurar mutum bakwai a ciki, ta kai ramin bayan ɗaki ta jefa.

Ƙyanda ta iso cikin Maris, da zafin bazara. Ta fara da unguwar maƙera ta bazu. Barandar ta cika da yara masu jajayen idanu da tari, wasu a kan tabarma, wasu a cinyar iyaye. Hamida tana aiki daga fitowar rana har faɗuwarta, da ɗan abin da ke cikin kabad. A mako na uku, da azahar, ta ɗaga kai ta ga Goggo Dija a tsaye a bakin baranda. Ta rame. Ta kwance goyo ta shimfiɗa yaron a kan tebur.

Da ƙyar Hamida ta gane shi. Ƙurajen sun fito sun koma, fata tana saɓulewa, idanu sun manne da ruwa, leɓɓa sun tsage. Numfashi yake ja da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Cutar ta sauka a ƙirji. Ta wanke masa idanu, ta ɗiga masa maganin da ke akwai, ta ga ba abin da za ta iya a nan. Wannan karon ba ta tambayi uba ba, ba ta buɗe littafi ba. Ta bar sauran marasa lafiya da mai shara, ta fita da gudu ta tsayar da mai babur. Ta hau ta rungume yaron a ƙirjinta, tsohuwa ta hau bayanta, suka kama hanyar Anka.

Hanyar yashi ce da duwatsu. Sun yi kamar rabi, sun gangara wani busasshen rafi, sai Goggo Dija ta taɓa kafaɗar mai babur ta kan Hamida ta ce, "Tsaya, ɗana." Hamida ta ce a'a, a ci gaba, an kusa. Tsohuwa ta ce, "Tsaya dai." Hannunta yana kan ƙafar yaron tun da suka taso, ita ta fara ji.

Suka sauka a inuwar wata kanya. Tsohuwa ta karɓe shi, ta shafa masa fuska, ta yi salati, ta lulluɓe shi da zanen goyo. Sannan ta juyo ta kama hannun Hamida da hannu biyu. Ta ce, "Allah shi saka maki da alheri, ɗiyata. Kin bar aikinki kin hau mashin saboda mu. Kwana nai ya ƙare." Ba ta ambaci zuwanta na farko ba, ko da kalma ɗaya. Ta ƙi a mayar da ita a babur. Ta ce daga nan akwai 'yar hanya da ke yankewa zuwa ruga. Ta goya shi kamar mai rai ta shiga daji.

Da annobar ta lafa, Hamida ta shirya ta tafi wurin shugabanta a Anka, ta faɗa masa duk abin da ya faru, tun daga ranar da ta mayar da murfin akwati. Ta ce ta je ne a hukunta ta. Mutumin ya saurara yana juya biro.

Ya ce, "Kin yi mashi allura?"

"Ban yi ba, Yallaɓai. Abin da nake faɗa ke nan."

"Wani ya kawo ƙara?"

"A'a."

"To, mi ya shahe ki? Ɗiya nawa sunka mutu bana da ba ki taɓa gani ba?"

Ya karɓi littafin dangwalen ya yi ta buɗe shafuka. Ya ce wannan dabara ce mai kyau, da kowa zai yi haka da an huta da rigima. Ya ce zai ambace ta a taro.

Ta ce mini sai a mota, kan hanyar komawa, ta fahimci yadda abin yake. Yarinyar da ta yi wa allura tana nan da rai tana jan ƙafa, kuma saboda ita an tara mata dattawa, an rubuta mata sakaci, mahaifinta ya durƙusa gaban sa'an ɗansa. Yaron da ta hana yana cikin ƙasa, kuma saboda shi an yaba mata. In tana son ta tsira da aikinta, ta san hanya. Sai dai ba ta ga yadda za ta ci gaba da bin hanyar ba, ba ta kuma da ƙarfin zuciyar barinta.

Ta yi ƙoƙari. Ta ajiye littafin, ta ce duk macen da ta kawo ɗa za ta yi masa. Ranar rigakafi ta farko bayan haka, wata yarinya ta zauna ta riƙe mata cinyar jariri, Hamida ta zuƙi maganin, ta goge wurin da auduga, sai ta tsaya. Uwar tana jira, sauran mata suna kallo. Ta ce ta kai minti biyu a haka. Ƙarshe ta ce musu maganin ya lalace, su dawo mako mai zuwa. Mako mai zuwa ta ce ƙanƙara ba ta iso ba. Ta mayar da littafin kan tebur, ta sake ɗauke shi. Haka ta ƙare wannan shekarar, wata rana ta yi, wata rana ta kasa. Labbo ya dawo da damina, ta ji labari, ta yi ta sauraron zuwansa. Bai zo ba. Da kaka ta yi, rugar ta tashi gaba ɗaya, ba wanda ya san inda suka nufa.

A 2005 ta auri wani malamin firamare a Gummi, Malam Ɗanjuma, mutum mai haƙuri. Da wannan dalilin ta nemi a mayar da ita gida, aka mayar. Da ta je sabon wurin, ta roƙi a sa ta ɗakin kati. Aka yi mamaki, don aiki ne da ake ba wanda bai yi karatun jinya ba, amma da yake ba mai so, aka ba ta. Ƙauyen da ta baro ya yi wata goma sha ɗaya ba a tura kowa ba.

Mahaifinta ya rasu shekara biyu bayan haka, yana zaton ciwon baya ne ya sa ta bar allura, don abin da ta gaya masa ke nan. Inna Rakiya ta san ba haka ba ne, amma ba ta taɓa tambaya ba.

Rabona da ita tun ƙarshen 2008, da na je Gummi biki na biya ta wurin aikinta. Na same ta a bayan wata 'yar taga mai ƙarfe, da tarin katuna da biro ɗaure da zare. Ta yi ƙiba kaɗan, ta fara sa tabarau. Rubutunta na nan yadda na san shi, a tsaye, ba gogewa. Ranar ta dace da ranar rigakafi, mata masu goyo suna ta zuwa. Tana tambayar suna da unguwa, ta rubuta, ta miƙa, ta ce, "Ƙofa ta biyu hannun dama." Na lura idonta na kan kati koyaushe, ba ta ɗagawa ta dubi abin da ke bayan uwar.

Da layi ya ɗan tsagaita, ta ba ni kujera muka taɓa hira. Na ce mata yanzu abubuwa sun canja, allura sau ɗaya ake amfani da ita a yar, ba tafasawa, kuma ana neman ƙwararru irinta. Na ce shekarunta talatin da biyu kacal. Ta ce ta sani. Ta tambaye ni ko a Gusau an fito da takardar yardar iyaye. Na ce ba a fito da ita ba, muna dai yi. Ta gyaɗa kai.

Ban san abin da ya sa na tambaye ta ba, amma na ce, "Hamida, da za a mayar da ke ranar nan, me za ki yi?"

Ta ce, "Wacce daga cikin biyun?"

Wata mata ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga, Hamida ta jawo sabon kati ta ce mata, "Sunan yaro?" Na zauna kaɗan, na ga aiki ya sake taso mata, na yi mata sallama na tafi neman motar Gusau.